Waya Mai Sabunta Kanta: Yadda Za A Tsayar Da Ita, Da Lokacin Da Ya Kamata A Ƙyale Ta

 

A wannan fitowa na so in yi maganar adana wake a buhu mai ruɓi uku, amma na ajiye ta sai wani jiƙon, saboda wani abu da ya same mu a bazarar da ta wuce. Na raka ma'ajin wata ƙungiyarmu ta nan ƙasar Zakirai zuwa Kano sayen takin zamani. Kuɗin 'yan ƙungiya duka yana asusun banki, hanyar shiga asusun kuwa tana cikin wayarsa. Muka yi ciniki, aka loda buhuna a mota, ya ciro waya zai tura kuɗi. Sai wani rubutu na Turanci ya fito a fuskar wayar, ya danna don ya kawar da shi. Nan take waya ta mutu, ta sāke tashi, ta nuna wani ɗan layi yana tafiyar hawainiya. Muka yi ta jira. Batir kuwa da ma saura kaɗan, kafin layin nan ya kai ƙarshe ya ƙare. Kafin mai caji ya farfaɗo da ita la'asar ta yi, mai taki ya sa an sauke kayansa, direba ya yi gaba. A Kano muka kwana, kashegari muka sāke biyan kuɗin lodi.

A kan hanyar komowa dattijon nan ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, ka kashe mini abin nan har abada." Na ce, "Baba, tsayar da shi za mu yi, ba kashewa ba." Dalilin wannan amsa shi ne zan bayyana a nan, domin ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

Mene ne sabuntawa?

Wayar da muke kira babbar waya ko mai shafawa, ƙaramar kwamfuta ce. Abin da hannu yake taɓawa, watau gilashi da batir da ƙarfe, shi ne gangar jiki. A cikinta kuma akwai rubutaccen umarni wanda yake gaya mata abin da za ta yi, shi ake kira manhaja. Masu rubuta manhaja ba sa gamawa su huta. Kullum suna gano kuskure su gyara, ko su ƙara wani abu, sa'an nan su aiko da gyaran ta intanet. Wannan aike shi ne sabuntawa, wanda samari suke kira abdet.

Yawancin wayoyinmu, irin su Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Akwai kuma Samsung da Redmi. Dukansu suna aiki da babbar manhaja guda mai suna Android, ta kamfanin Google na Amurka, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008. Kowane kamfani yakan yi mata tasa kwalliya, shi ya sa fuskar Tecno ta bambanta da ta Samsung, amma tushen ɗaya ne.

Sabuntawa iri uku ce, wajibi ne a rarrabe su.

Ta farko ita ce ta ƙananan manhajoji, kamar WhatsApp da Facebook da ta banki. Wannan daga kantin manhajoji take zuwa, watau Play Store. Kowacce ba ta da nauyi sosai, amma idan ashirin suka taru suka sauka dare ɗaya, data ta tafi.

Ta biyu ita ce facin tsaro. Wannan gyara ne na toshe kafar da ɓarayin intanet za su iya bi su shiga waya. Ba ta cika sāke kamannin waya ba, mai ita ma ba zai ga wani bambanci ba.

Ta uku ita ce babbar sabuntawa, inda ake ɗauke Android mai wata lamba a sa mai lamba ta gaba, misali daga 13 zuwa 14. Wannan takan kai giga ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, giga ɗaya kuwa wajen mega dubu ne. Ita ce mai canja wurin abubuwa, ita ce kuma mai daɗewa.

Wani abin lura kuma, ta biyu da ta uku a mataki biyu suke aiki. Da fari waya ta sauke kayan daga intanet, a nan ne data take ƙarewa. Daga baya ta ɗora su a jikinta, a nan ne take mutuwa ta tashi, ba kira ba saƙo. Wayar Baba Ma'aji ta riga ta sauke kayanta tun kwanaki, tana jiran izini kawai. Dannawar da ya yi a gaban mai taki ita ce izinin.

Me ya sa abin ya fi damunmu a karkara?

Masu ƙera waya sun ɗauka mai ita yana da lantarki dare da rana, da intanet na gida wanda ba a auna masa da mudu. Mu ba haka muke ba. Ga inda takalmin yake matsa mana.

Na ɗaya, kuɗi. Datarmu ta awo ce, kowane mega da kuɗinsa. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarje wa kamfanonin layi su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mutum ya sayi datar da zai yi mako da ita, ya kwanta, ya tashi ya tarar babu, ya ce kamfani ya yi masa sata. Sau da yawa wayarsa ce ta sha da dare.

Na biyu, caji. Wanda yake kai waya wurin mai janareto ko mai sola ya biya, ba shi da cajin ɓarnatarwa. Ga shi kuma idan batir ya ƙare ana tsakiyar ɗora babbar manhaja, wata wayar takan maƙale, ta tsaya a kan sunan kamfani ta ƙi wucewa, sai an kai ta wurin gyara.

Na uku, wuri. Wayoyinmu masu rahusa cikinsu ƙarami ne. Sabon kaya yakan fi tsoho nauyi, sai waya ta cika, ta yi sanyin jiki, ta riƙa cewa a goge hotuna.

Na huɗu, sabo. Da yawa cikin iyayenmu maza da mata ba karanta Turancin suke yi ba, wurin da alama take suka haddace, da launinta. Ranar da sabuntawa ta sāke wa alamar wuri, sai ka ga mutum ya zama baƙo a wayarsa.

Na biyar, wanda ya fi duka, lokaci. Tun daga 2012, sa'ad da gwamnatin tarayya a ƙarƙashin ministan gona Akinwumi Adesina ta fara aika wa manoma saƙon karɓar taki ta waya, waya ta shiga kayan aikin gona. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma ya tura kusan kowa ga tura kuɗi ta waya. Yanzu idan waya ta tsaya ranar ciniki, cinikin ne ya tsaya.

Yadda za a tsayar

Da yake yawancin wayoyi da Turanci suke magana, zan rubuta kalmomin yadda ido zai gan su a fuskar waya. Wanda karatu ya yi masa wuya ya kira ɗansa ko 'yarsa su yi tare.

Mataki na 1: kantin manhajoji. A buɗe Play Store. A sama ta hannun dama akwai ɗan da'ira mai hoto ko harafin farko na sunan mai waya, a danna. A zaɓi "Settings", sa'an nan "Network preferences", sa'an nan "Auto-update apps". Zaɓi uku ko huɗu za su fito. A ɗauki na ƙarshe, wanda ya fara da kalmar "Don't". Ma'anarsa, kada wata manhaja ta sabunta kanta sai an ce mata.

Mataki na 2: kanti na biyu. Wayoyi da yawa kanti biyu gare su. A Tecno da Infinix da itel akwai Palm Store, a Samsung akwai Galaxy Store. Shi ma a shiga saitinsa a kashe sabunta kai. In an rufe ƙofar gaba aka bar ta baya, akuya za ta shiga.

Mataki na 3: babbar manhaja. A buɗe saitin waya, mai alamar gargare mai haƙora. A gangara ƙasa a nemi "System", a ciki akwai "System update". A Samsung "Software update" aka rubuta, a Redmi kuwa yana cikin "About phone". In an shiga, a duba sama ta dama, za a ga ɗigo uku ko ƙaramin gargare. A nan ne makunnin sauke kaya kai tsaye yake, a kashe shi. Wasu wayoyin ba a yi musu wannan makunni ba. Mai irin wannan ya riƙe mataki na 4 da na 5 da kyau. Mai iPhone kuma ya shiga saiti, "General", "Software Update", ya kashe "Automatic Updates".

Mataki na 4: a gaya wa waya cewa intanet ɗin na awo ne. Wasu sukan zaɓi cewa waya ta riƙa sabuntawa ta waifai kaɗai, su ɗauka sun tsira. To, a ƙauye waifai ɗinmu mene ne? Datar ɗan'uwa ce da ya raba mana, ko ta ɗan akwatin intanet na ƙungiya ko na makaranta. Waya ba ta san wani ya biya ba, gani take ta sami kogi. A shiga saitin waifai ɗin, a nemi kalmar "Metered", a kunna. Daga nan za ta san rijiya ce, da guga ake ɗiba. Har wa yau a kunna "Data Saver", wanda yake cikin Android tun 2016. Yana hana manhajoji shan data a ɓoye sa'ad da ba a buɗe su ba, ko da yake ba shi kaɗai zai tare babbar sabuntawa ba.

Mataki na 5: a koyi kalmomi biyu. Duk ran da rubutu ya fito ba zato, a duba kafin a danna. "Later" ma'anarsa sai an jima. "Install" ko "Restart now" ma'anarsa a fara yanzu. In ana kasuwa, ko ana hanya, ko batir bai kai rabi ba, amsa ita ce sai an jima. In ba a gane rubutun ba, kada a danna kome, a koma baya kawai.

Bayan an yi waɗannan, a riƙa duba sauran data safe da yamma na kwana biyu ko uku. Tun 2023 lambar dubawa ɗaya ce a dukan layuka, MTN da Airtel da Glo da sauransu, watau *323#. In har yanzu data tana zurarewa, sai a duba WhatsApp, domin hotuna da bidiyon da ake turowa cikin zaure su ma sukan sauka da kansu. A saitinsa, ƙarƙashin "Storage and data", ana hana su.

Abubuwa biyu da ba na ba da shawarar a taɓa

Akwai wani ɓoyayyen ɗaki a saitin waya na masu rubuta manhaja, wanda yake buɗewa idan an danna lambar ginin waya sau bakwai. Samari sun san shi. A ciki akwai makunnin da yake hana waya ɗora sabuntawa da kanta sa'ad da aka kashe ta aka kunna. Amma a ɗakin akwai makunnai da yawa da za su iya rikita waya, wasu manhajojin banki kuma sukan ƙi buɗewa muddin ɗakin yana buɗe. Wayar ma'aji ba wurin gwaji ba ce.

Na biyu, akwai wata manhaja mai suna Google Play services, da wasu ƙananan gyare-gyare da Google yake aikowa kai tsaye tun daga Android 10 na 2019. Waɗannan da kansu suke sabuntuwa, nauyinsu kuma bai kai na babbar sabuntawa ba. A ƙyale su. Wanda ya tilasta ya kashe Play services zai ga taswira da saƙonni da manhajoji da dama sun daina aiki daidai. Haka kuma idan mai gyara ya ce zai haɗa waya da kwamfuta ya cire mai kawo sabuntawa ɗungum, kada a yarda.

Me ya sa ba za a kashe har abada ba?

Kowane manomi ya san rumbu. Kowace shekara da rani ana duba shi, a yaɓe tsaga, a toshe ramin ɓera, a sāke jinka. Ba wanda yake kwance jinkar rumbu ana tsakiyar ruwan Agusta, ba kuma wanda yake cewa tun da gyara akwai wahala ya daina gyara har abada. Waya yanzu rumbu ce, domin kuɗinmu a ciki yake.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A watan Yuli na 2015 masu bincike suka bayyana wata tsaga a Android, aka sa mata suna Stagefright. Ta wurinta ɓarawo yana iya aiko da saƙon bidiyo ya sami hanyar shiga waya. Wayoyi ɗaruruwan miliyoyi abin ya shafa. Daga wannan shekara ce Google ya fara fitar da facin tsaro kowane wata. Da zarar an fitar da faci, ɓarayi ma sun san inda tsagar take, sai su shiga neman wayoyin da ba a yaɓe ba. Wayar da ta shekara biyu ba faci, rumbu ce mai rami.

Dalili na biyu, manhajoji sukan juya wa tsohuwar waya baya. A ranar 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai lamba 5 ba, lokaci lokaci kuma yakan ɗaga wannan iyaka. Manhajar banki ma, idan ta tsufa ƙwarai, wata rana za ta ƙi buɗewa ta ce sai an sabunta ta. Wannan rana kuwa ba ta sallama. Tana iya zama ranar da aka tsaya gaban mai taki, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi. Ashe wanda ya ƙi sabuntawa gaba ɗaya, ramin da ya guje wa shi zai faɗa ta wata hanya.

Saboda haka maganar ba ta ƙi ko yarda ba ce. Maganar ita ce, wa zai sa lokaci, mai waya ko waya?

Ranar gyaran waya

Ga shawarar da nake ba kowace ƙungiya, a tattauna ta a taro na gaba.

1. A zaɓi mai kula da wayoyi, saurayi ko budurwa mai karatu da riƙon amana. Zumuntar mata ma su zaɓi tasu, domin wata uwar ba za ta saki jiki ta miƙa wa namiji wayarta ba.

2. A sa rana ɗaya a wata, ranar taron ƙungiya ta fi sauƙi. Kowa ya zo da wayarsa da cikakken caji. Inda majami'a ko makaranta take da sola, a roƙi dattawa izinin amfani da ita.

3. A sayi data ta musamman domin wannan aiki. A duba *312# a gwada farashi. Kamfanonin layi sukan sayar da datar dare da rahusa, mai kula yana iya amfani da ita wajen manyan kaya. Wanda kuma yake da tafiya Gezawa ko Kano, inda sabis ya fi ƙarfi, yana iya yin nasa a can bayan ya gama abin da ya kai shi, ba kafin ba.

4. Kafin a taɓa kome, a adana abin da ke ciki. Lambobin mutane a ajiye su a asusun Google, hotunan rasit a kwafe su a memori, hirar WhatsApp a yi mata ajiya daga cikin saitinsa. Mai waya ya tabbata ya san adireshin asusunsa na Google da kalmar sirrinsa. Da yawa a shago aka buɗe musu ranar da suka sayi waya, ba su taɓa sani ba. Idan wata rana aka wanke waya, za ta nemi wannan asusu kafin ta buɗe, in babu kuwa an shiga uku.

5. A fara da manhajojin da ake bukata. A Play Store, ƙarƙashin "Manage apps and device", za a ga jerin masu jiran sabuntawa. A ɗauke su ɗaya ɗaya: ta banki, WhatsApp, da Chrome mai buɗe shafuffukan intanet. Wadda ba a amfani da ita, maimakon a ciyar da ita data, a cire ta.

6. Facin tsaro, in ya zo, a ɗora shi a ranar. Kada ya wuce wata ɗaya yana jira.

7. Babbar sabuntawa kuwa a yi mata yadda muke yi wa sabon iri. Idan malamin gona ya kawo sabon irin gero ko gyaɗa, ba ma shuke gona duka da shi a shekarar farko, kunya kaɗan muke gwadawa mu gani. To, in mutum uku suna da waya iri ɗaya, ɗaya ya fara, a ba shi mako biyu. In waya ba ta zafi, batir bai rage daɗewa ba, banki yana buɗewa, sauran su bi. Wayar ma'aji ita ce ta ƙarshe. A tuna, babbar sabuntawa in ta hau, mai waya ba shi da hanyar mayar da ita baya da kansa.

8. Sa'ad da ake ɗorawa, batir ya wuce rabi, in da hali waya tana jone da caji. Kada a kashe ta, kada a cire batir, ko da an ga ta daɗe. A ba ta awa guda.

9. A hana babbar sabuntawa a lokuta huɗu: makon sayen taki da iri, makon sayar da amfanin gona, ranar rabon kuɗi ko biyan bashi, da jajiberin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama kaka, an kai amfani gida, hankali ya kwanta.

10. Mai kula da wayoyi ba ya tambayar lambar sirrin kowa. In ana bukatarta, mai waya ya karɓa ya danna da hannunsa. Wannan ba zargi ba ne, kāre mutuncin yaron ne, don kada wata rana kuɗi ya ɓace a dube shi.

Ban da waɗannan, ma'aji ya riƙe hanya ta biyu. Kowane banki yana da gajeriyar lamba mai farawa da tauraro, wadda ake tura kuɗi da ita ko a ƙaramar waya mai maɓallai, ba data. A yi rajistarta tun kafin ranar bukata, a tambayi banki iyakar abin da take iya turawa a yini. Littafin lissafi na takarda kuma kada a yar da shi. Takarda ba ta neman caji.

Hattara da sabuntawar ƙarya

Macuta sun san mutane suna jin tsoron kalmar nan, sai suka mai da ita tarko. Za a aiko da saƙo a ce WhatsApp ɗinka zai rufe yau, ko asusunka na banki, ko BVN, ko NIN, sai ka danna wani shuɗin rubutu ka sabunta. Wani ma kira zai yi, da ladabi da Hausa mai kyau, ya ce daga banki yake.

Ga ma'auni mai sauƙi. Sabuntawar gaskiya wuri biyu take fitowa, cikin saitin waya da cikin kantin manhajoji. Ba ta zuwa ta saƙon tes, ba ta zuwa ta zauren WhatsApp, ba ta zuwa ta bakin mai kira. Ba ta neman lambar sirri, ko lambar katin ATM, ko lambobin nan da banki yake turowa a saƙo. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu ɓarawo ne, a kashe kiran. In shafin intanet ya yi ta walƙiya yana cewa waya ta kamu da cuta, talla ce ko tarko, a rufe shi.

Haka kuma a guji karɓar manhajar banki daga wayar wani ta Xender don gudun kashe data. Ba a san hannun da ta bi ba. Jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp ma ba na kamfanin ba ne, ba sa cikin Play Store, kamfanin kuma yakan rufe lambar mai amfani da su.

In abin ya riga ya faru

Idan waya ta sabunta ta yi nauyi ko zafi, a yi haƙuri kwana biyu, sau da yawa shirya kayanta take yi, za ta daidaita. A rage mata kaya, a goge bidiyon da ba a bukata, a kashe ta a kunna. Idan ta maƙale a kan sunan kamfani, a sa ta a caji awa guda, sa'an nan a danne maɓallin kunnawa a riƙe har ta mutu ta tashi. In ta ƙi, sai wurin gyara. Masu Tecno da Infinix da itel, wurin gyaran kamfaninsu shi ne Carlcare, in waya tana cikin garanti a fara da can, a tafi da rasit. A Kano kuma akwai masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut. Kafin a miƙa waya a cire layi da memori, a kuma tambaya ko gyaran zai goge abin da ke ciki. In kuwa an tabbata waya ba ta da laifi amma data tana ɓacewa, a kira kamfanin layi a lamba 300, in ba a sami biyan bukata ba a kai ƙara NCC a lamba 622, kyauta ne.

Wata rana kuma kamfani zai daina aiko wa waya da faci sam, domin kowace waya da iyakar shekarun da ake kula da ita, masu rahusa kuwa nasu ba su da yawa. A saiti, wurin bayanin waya, akwai kwanan watan facin ƙarshe. In ya wuce shekara biyu, a ci gaba da kira da sauraron wa'azi da ita, amma ƙungiya ta yi shawarar mai da harkar kuɗinta kan wata sabuwa.

'Yan'uwa, mun san misalin da Ubangijinmu ya bayar na 'yan mata goma masu fitilu. Dukansu suna da fitila, abin da ya raba su shi ne shiri kafin sa'a ta yi. Kuɗin ƙungiya gumin gwauraye ne da marayu da masu ƙaramin ƙarfi, amana ce a hannunmu, kula da wayar da take riƙe da shi kuwa yana cikin riƙon amanar. Baba Ma'aji yanzu ya san kalmar "sai an jima", jikarsa ce kuma take duba masa waya ranar taro. Wanda ya gwada matakan nan ya sami inda ya kakare, ya kawo wayarsa taron wata, ko ya ba mai bishara na ƙauyensu saƙo, zan zo mu duba tare.

Allah ya kiyaye mana abin da muka tara, ya ba mu damina mai albarka. Amin.